Bindigogin wasan harbi ƙirar Sin masu cin harsashin .22: ina ingancinsu ya tsaya?

Wani ɗan'uwa mazaunin Faransa, wanda bai daɗe da shiga ƙungiyar wasan harbi ba, ya aiko da tambaya cewa ya ga bindigogin .22 ƙirar ƙasar Sin a shagon dillali, irin su JW-15 da JW-25, a kan kuɗin da bai kai rabin na takwarorinsu na Turai ba, kuma an yi masa tayin wata tsohuwa mai suna EM-332 wadda bai taɓa jin labarinta ba. Yana son ya san ko suna da inganci, ko suna kai harsashi inda aka auna, da kuma ko za su iya kai shi gasar mita 50.

Malam, tsarin da aka ƙera waɗannan bindigogi a kansa mai kyau ne, kuma sau da yawa bututunsu ya fi kuɗin da aka sa musu, amma aikin gamawa da binciken ƙarshe a masana'anta ba su da tabbas, ta yadda bindigogi biyu masu suna ɗaya, waɗanda suka iso shago a rana ɗaya, za su iya bambanta da juna ƙwarai a kan takardar bara, wato takardar da ake aunawa a harba. Wannan shi ya sa za ka ji wani yana yabon tasa kamar ya tsinci dami a kala, wani kuma yana rantsuwa cewa ba zai sake kusantar irinta ba, alhali dukansu gaskiya suke faɗa. Don haka duk abin da zan bayyana a ƙasa yana komawa ne ga yadda za ka yi wa bindigar da ke gabanka hukunci, ita kaɗai, ba tare da dogara ga sunan da aka buga a jikinta ba.

Sunan Norinco da ake gani a kan mafi yawansu na babban kamfanin gwamnatin Sin ne da aka kafa a 1980, wanda ke fitar da kayan masana'antu daban-daban zuwa ƙasashen waje, kuma an ɗauki shekaru masu yawa ana ƙera su, a lokuta mabambanta, ga dillalai mabambanta masu buƙatu mabambanta. JW-15, wadda ta fi kowace yaɗuwa, kwaikwayo ce ta bindigar Brno ta tsohuwar Cekoslobakiya, wato tsarin da ya fito a matsayin ZKM 452 a 1954, wanda daga baya kamfanin CZ ya ci gaba da ƙerawa a garin Uherský Brod da sunan CZ 452. Kwaikwayon ya yi kusa har gidan harsashin CZ 452 kan shiga JW-15 ya yi aiki. Wannan gado shi ne babban jarinta, domin tsarin Brno mai sauƙi ne, mai ƙarfi, kuma an daɗe da tabbatar da cewa yana harbi daidai idan an ƙera shi da kulawa. JW-25, wadda ake kuma kira TU-KKW, kusan cikinta ɗaya da JW-15, sai dai an yi mata sutura irin ta bindigar horar da sojojin Jamus mai siffar Mauser 98k, shi ya sa ake yawan ganinta a Faransa wajen masu shiga gasar bindigogi masu siffar na soja. Akwai JW-20 mai ɗura kanta, wadda aka kwaikwayo daga Browning SA-22, da JW-21 da aka kwaikwayo daga Winchester 9422, amma waɗannan biyun na nishaɗi ne da ƙaramar farauta, kuma ba su shiga zancenmu ba.

Waɗanda suka fi cancanta a kira su na bara su ne irin EM-332 da aka yi maka tayinta, da NS-522 wadda kamfanin Keng's ya shigar Amurka a farkon shekarun 1990. Sun fi JW-15 kaurin bututu da nauyi, kunamarsu ta fi tata daɗin ja, kuma an san NS-522 da bututun da aka ƙera ta hanyar dukan ƙarfe a sanyi a kan sanda mai ɗauke da zanen tsagogi, hanyar da CZ ma ke bi, wadda ke fitar da cikin bututu sumul kuma iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Masu irin waɗannan ba su cika rabuwa da su ba. Matsalarsu ita ce ƙarancinsu, domin idan gidan harsashi ya ɓata ko allurar duka ta karye, neman madadi kan zama aiki, saɓanin JW-15 da ke iya cin moriyar wasu kayan CZ.

Rashin shaharar tasu yana da dalilai da ba su shafi inganci ba. A 1994 gwamnatin Bill Clinton ta hana shigo da bindigogi masu tsagaggen bututu da harsasai daga Sin, sannan a 2003 aka ƙara sanya wa Norinco takunkumi, don haka kasuwar Amurka, inda aka fi ko'ina gwada bindigogi a rubuta a kansu a kuma ƙera musu kayan ƙari, ta rufe gare su. Suka ci gaba da shiga Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan da Faransa da wasu ƙasashen Turai. A cikin Sin kanta kuwa, dokar bindigogi ta 1996 ta hana talakan gari mallakar bindiga in ban da 'yan keɓantattun rukunai, wato masana'antun ba su da masu saye na gida da za su dawo musu da ƙorafi a kan kunama mai tauri ko sukurun da ya lalace. A ganina wannan na cikin abin da ya sa ƙananan kurakurai iri ɗaya suka daɗe suna maimaituwa, tun da dillalin waje da ke sayen ɗaruruwa a lokaci guda araha yake nema kafin komai.

Kafin mu ce bindiga tana harbi daidai, sai mun san ma'aunin da ake nufi. A takardar gasar mita 50 ta hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, faɗin da'irar maki goma milimita 10.4 ne, harsashin kuma milimita 5.6, kuma ana ba da maki idan gefen ramin ya taɓa layin da'irar. Ke nan tsakiyar ramin ba za ta wuce milimita 8 daga tsakiyar takarda ba, idan ana son goma. A manyan gasanni ana raba goman nan gida-gida har zuwa 10.9, kowane mataki bai kai milimita ɗaya ba, ƙasa da kaurin tsinken ashana. Bindigar da za ta yi takara a wannan fage dole ta zuba harsashi sittin a wuri ɗaya ba tare da ko ɗaya ya yi ɓatan kai ba, kuma ta yi haka yau, ta yi gobe, da zafi da sanyi.

Ƙasar Sin ta yi fice a wannan wasa tun lokacin da Xu Haifeng ya ci mata zinarenta na farko na Olamfik a Los Angeles a 1984 da ƙaramar bindiga, Wu Xiaoxuan kuma ta ci na doguwar bindigar .22 a gasar mata a shekarar. Jia Zhanbo ya ci zinaren mita 50 mai tsayuwa uku (a durƙushe, a kwance da a tsaye) a 2004, Qiu Jian da Du Li a 2008, Zhang Changhong a gasar Tokyo, Liu Yukun kuma a Paris a 2024. Sai dai kada wannan ya ruɗe ka. Idan ka kalli zagayen ƙarshe na irin waɗannan gasanni a yau, bindigogin da ke hannun kusan kowa, har da 'yan wasan Sin, na kamfanonin Jamus ne da Suwizalan, wato Anschütz da Walther da Feinwerkbau da Bleiker da Grünig & Elmiger. Ƙwarewar maharban Sin shaida ce ga horon da ake ba su, ba ta cewa komai game da JW-15 da ke rataye a shagon dillalinka.

Yanzu ga yadda harsashin yake aiki, domin a nan ne mafi yawan bambancin ke fitowa. Harsashin .22 LR, wanda ya fito tun 1887, ba shi da maɓallin tashi a tsakiyar gindinsa. Sinadarin da ke kunna albarushi yana shimfiɗe ne a cikin leɓen da ya kewaye gindin kwanson, allurar duka kuma tana murƙushe leɓen nan ne a kan bakin makwancin harsashi. Idan dukan ya yi ƙarfi yau ya yi rauni gobe, ko kuma a harbi na uku ya bambanta da na huɗu, albarushin ba zai kama iri ɗaya ba, gudun harsashi zai sauya, kuma sauyin zai bayyana a takarda a matsayin ramuka da suka jeru sama da ƙasa. A nisan mita 50, bambancin gudu na mita 10 a daƙiƙa yana ɗaga harsashi ko ya sauke shi da kimanin milimita 7, wanda kusan shi ne duk sararin da maki goma ya ba ka. To bindigogin Sin kan fito daga masana'anta da giris mai kauri cike da cikin sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi makwancinsa ya kulle shi, wani lokaci har da ɓurɓushin ƙarfe, kuma wannan giris ɗin yana riƙe allura, musamman da sanyi. Mutane da yawa sun yanke wa sabuwar bindiga hukunci alhali ba su taɓa kwance sakatarta sun wanke ba.

Abin da zan so ka yi idan an ba ka damar harba ta kafin saye shi ne ka tsince kwanso goma da ka harba, ka jera su a tafin hannunka, gindi sama, ka duba tabon da allura ta bari. Ana so tabon ya zama mai zurfi, mai tsafta, a kan leɓen daidai, kuma goman su zama kamar hatimi ɗaya ne ya buga su. Idan wani ya yi zurfi wani ya yi sama-sama, akwai matsala a allura ko a sifirin ko a tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da bakin makwanci. Tazarar nan ana so ta tsaya kusa da kaurin leɓen kwanso, wato milimita ɗaya da ɗan ɗoriya, kuma tana daga cikin abubuwan da ke bambanta daga bindiga zuwa bindiga a ƙirar araha. Duba kuma jikin kwanson ko ya kumbura kusa da gindi, ko yana da dogon karce, domin wannan alama ce ta makwanci mai faɗi ko mai kaushi. Ita kuwa tsohuwar EM-332, haska fitila a bakin makwancinta ka ga ko akwai lotsawa a inda allura ke sauka. Irin wannan lotsawar tana zuwa ne daga jan kunama babu harsashi a ciki, kuma tana sa kwanso ya riƙa maƙalewa.

Makwancin harsashi shi ne wurin da bindigar gasa ta fi rabuwa da ta farauta. A bindigar gasa makwancin matsattse ne kuma gajere, ta yadda idan ka rufe sakata kan dalmar yana shiga tsagogin bututu tun kafin a harba, kuma idan ka zare harsashin ba tare da ka harba ba za ka ga sawun tsagogin a jikinsa. JW-15 da JW-25 suna da makwanci mai yalwa irin na farauta, wanda aka yi don ya karɓi kowane irin harsashi ko da datti, don haka dalmar kan yi ɗan tsalle kafin ta kama tsagogi, kuma ba kullum take shiga a miƙe ba. Wannan ba lahani ba ne, haka aka tsara su, amma yana sa musu iyakar da gyara ba ya ɗagawa sai an sake bututu.

Bututun kansa, kamar yadda na ce, shi ne inda suka fi ba da mamaki. Tsagoginsa suna murɗa harsashi sau ɗaya a kowane inci 16, kimanin santimita 40, kamar sauran bindigogin .22, kuma tun da dalma ce mai laushi ke bi ta cikinsa a gudun da bai kai ya ci ƙarfe ba, yana daɗewa ƙwarai in ba tsatsa ko mugun goge ya lalata shi ba. Abin dubawa shi ne bakinsa na ƙarshe, inda harsashi ke rabuwa da ƙarfe. Idan yankan wurin ya karkace ko yana da ɗan tsini, iskar da ke bayan harsashi za ta fita ta gefe ɗaya kafin ɗayan, ta ture gindinsa. Bayan ka yi harbi ashirin ko talatin, kalli bakin bututun da kyau: kakin da ke jikin harsashi da hayaƙin albarushi kan zana wata tauraruwa a kewayen ramin, kuma idan rassanta sun fito daidai wa daida ta ko'ina, yankan yana da kyau. Idan tauraruwar ta yi nauyi a gefe ɗaya, maƙerin bindiga zai iya sake yanka bakin cikin ɗan lokaci, kuma wannan na daga gyare-gyaren da suka fi biyan kuɗinsu. Ka ƙara lura a kan samfuran da aka yi wa zare a baki don ɗaura abin rage ƙara, domin yankan zaren da ba a yi a tsanake ba yana iya taɓa ƙarshen ramin.

Kunama ce ke fara ɓata wa sabon mai JW-15 rai. Sau da yawa tana da nauyi, tana kuma jan ƙafa kafin ta saki, har ka ji ƙarfe yana gogar ƙarfe a ƙarƙashin yatsanka. A kan teburi, bindiga na kwance a buhun yashi, ana iya jurewa, amma a tsaye ko a durƙushe wannan jan ƙafar shi ke kawar da saiti a daidai lokacin da harsashi zai fita. Kunamar bindigar gasa irin ta Anschütz tana saki da nauyin da ke kusa da giram 100, kuma tana saki a wuri ɗaya kullum. Ta JW-15 ba za ta taɓa kai wa can ba, amma maƙeri mai sanin aikinsa zai iya goge fuskokin da ke haɗuwa ya sauya sifirin ta zama mai daɗi. Ina jaddada maƙeri, domin wanda ya sa magagari da kansa ya rage wurin kamun fiye da kima zai wayi gari da bindigar da ke tashi idan an rufe sakata da ƙarfi ko an buga gindinta a ƙasa, kuma babu ƙungiyar harbin da za ta bar irin wannan a layinta. Ka kuma sani cewa makullin tsaron irin tsarin Brno ana tura shi gaba ne don a kulle, a jawo shi baya don a harba, akasin yadda yawancin bindigogi suke, kuma CZ ba ta sauya wannan ba sai a samfurinta na 457.

Ƙotar katako ita ma tana da nata. Itacen da ake amfani da shi mai laushi ne, an lulluɓe shi da fenti mai kauri, kuma ramin da ƙarfe ke kwanciya a ciki ba kullum aka fafe shi daidai ba. Idan itace yana taɓa bututu a gefe ɗaya, to duk lokacin da damshi ya sauya ko ka ɗora bindigar a wani wuri daban a kan buhu, inda harsashi ke sauka zai motsa. Zura takarda tsakanin bututu da ƙota ka ja ta daga gaba zuwa baya, za ka ji inda take cijewa. Ƙarfin ɗaurin sukurorin da ke haɗa ƙarfe da itace ma yana sauya taruwar harbi a fili, don haka idan ka sami ɗaurin da bindigar ke so, sai ka riƙe shi, kuma ka yi amfani da sukudireba da ta cika bakin sukurun, domin ƙarfensu ba shi da tauri sosai. Wani abin da ake yawan kuka da shi shi ne titin da ake ɗaura madubin hange a kai, wanda a wasu bindigogin bai miƙe daidai da bututu ba, har mutum ya murɗa saitin madubi ya kai ƙarshe bai iso tsakiya ba. Wannan kam ka duba shi tun a shago, domin gyaransa sai da ƙafafun madubi masu juyawa, kuma kuɗi ne a kan kuɗi. Lamarin dai ya yi kama da na sabon babur ɗin Sin a wajen ɗan acaɓa mai hankali, wanda ba ya ɗaukar fasinja sai ya kai shi wurin bakanike an bi notuna an ɗaure, an juye man da ya zo da shi.

Duk da haka, abin da ya fi komai tasiri a kan sakamakonka shi ne harsashi, kuma a nan ne masu sayen bindiga mai araha suka fi cutar kansu, domin sukan haɗa ta da harsashi mafi araha su ce bindigar ce ba ta da kyau. Harsasan gasa suna ɗauke da dalma mai nauyin giram 2.6, suna fita da gudun da ke tsakanin mita 320 da 330 a daƙiƙa, wato ƙasa da gudun sauti, wanda yake kimanin mita 343 a daƙiƙa a yanayi matsakaici. Masu saurin gudu da ake sayarwa don farauta suna fita sama da gudun sauti su faɗo ƙasa da shi a kan hanya, iska kuma ta fi kaɗa su, don haka ka bar su. Fara da masu matsakaicin farashi irin su SK Standard Plus ko CCI Standard Velocity ko Eley Club, sannan ka gwada kwali ɗaya na manya irin su Lapua Center-X ko RWS R50 ko Eley Tenex don ka ga iyakar bututun. Kada ka yi mamaki idan bindigarka ta fi son mai matsakaicin kuɗi a kan mai tsada, hakan na faruwa, musamman a makwanci mai yalwa. Har a cikin suna ɗaya ma zubi yana bambanta da zubi, shi ya sa manyan 'yan wasa ke kai bindigoginsu wuraren gwaji na Eley ko Lapua, a ɗaure su a maƙunshi a harba zubi daban-daban, su sayi wanda ya dace da yawa. Kai ma idan ka dace da wani, duba lambar zubin a jikin kwali ka sayi abin da aljihunka zai iya.

Wajen gwaji, kada ka yarda da taron harbi uku da mai sayarwa zai nuna maka a waya, domin kowace bindiga tana iya haɗa uku a rami ɗaya idan an yi ta maimaitawa an zaɓi mafi kyau. Ka zauna a teburi mai ƙarfi a nisan mita 50, buhun yashi a gaba da baya, da madubin da ka riga ka amince da shi, a ranar da iska ta kwanta ko a zauren harbi mai rufi, tun da iskar gefe mai gudun mita 4 a daƙiƙa kaɗai tana kawar da harsashin nan kusan santimita 2. Duk lokacin da ka sauya irin harsashi, ka zubar da goma ko sha biyar a gefe tukuna, don kakin sabon ya shimfiɗu a bututu ya maye gurbin na tsohon. Sannan ka yi taro biyar, kowanne harbi goma, ka auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami mafi nisa, ka ɗauki matsakaicinsu, kuma kada ka cire wanda ya fanɗare sai in ka tabbata kai ne ka motsa. Siffar taron ma tana magana: wanda ya miƙe sama da ƙasa yana nuni ga harsashi ko dukan allura, wanda ya bazu hagu da dama yana nuni ga iska ko jan kunama, wanda kuma ya rabu gida biyu yana nuni ga ƙota ko sukurun madubi da ya saki. Idan da hali, ba wa gwanin ƙungiyarku ita ya harba, domin a matakin da kake yanzu wataƙila kuskurenka ya fi nata yawa.

A abin da na saba gani, JW-15 ko JW-25 mai lafiya, wadda aka wanke aka daidaita aka kuma samo mata harsashin da take so, tana tara harbinta a cikin abin da bai wuce santimita biyu zuwa biyu da rabi ba a mita 50, waɗanda aka dace da su kuma suna matsewa fiye da haka har su yi kafaɗa da CZ. EM-332 mai lafiyayyen bututu ina sa ran ta fi su natsuwa. Wannan ya isa ƙwarai ga koyon riƙo da numfashi da jan kunama da karanta iska, ya isa ga gasar cikin ƙungiya, kuma ya isa ga JW-25 a ajinta na masu siffar soja, inda kowa ke harbi da saitin ƙarfe. Bai isa ga gasar ISSF ba, kuma ba taruwar harbi kaɗai ke hana su ba: ba su da ƙota mai daidaituwa da tsawon hannu da kunci, ba su da titin maɗaurin hannu, ba su da saitin rami mai murɗawa daki-daki, kuma lokacin da ke tsakanin sakin kunama da tashin harsashi ya fi na bindigar gasa tsawo.

Za ka ga hatimin gwaji a jikin bututun duk wadda aka sayar bisa ƙa'ida a Faransa, domin Faransa tana cikin yarjejeniyar gwajin bindigogi ta CIP, Sin kuwa ba ta ciki, don haka sai an gwada bindigar a ɗaya daga ƙasashen yarjejeniyar, kamar a gidan gwaji na Saint-Étienne. Hatimin yana shaida cewa ta jure matsin da ya wuce na harsashin yau da kullum ba ta fashe ba, amma bai ce komai a kan inda take jefa harsashi ba. Irin waɗannan bindigogi masu sakatar hannu suna rukunin C a dokar ƙasar, wato sai da lasisin hukumar wasan harbi ko izinin farauta, da kuma rajista, kuma cinikin tsohuwar EM-332 tsakaninka da mai ita dole ya bi ta hannun dillali mai izini.

Idan burinka shi ne ka koyi harbi na shekara ɗaya ko biyu ba tare da ka zuba kuɗi masu yawa ba, sayi JW-15 daga dillalin da zai bar ka ka duba biyu ko uku ka zaɓa, wanda kuma zai karɓe ta idan titin madubi ya karkace, ka kashe ragowar kuɗin a kan harsashi mai kyau da aikin kunama. Kada ka wuce nan wajen gyara, domin da zarar ka fara sayen sabuwar ƙota da sabon bututu, kuɗin zai kai na CZ 457, kuma ranar da za ka sayar ba wanda zai biya ka abin da ka ƙara. EM-332 kuwa ka karɓe ta ne kawai bayan ka harba ta da kanka kamar yadda na bayyana, kuma ka tabbatar ta zo da gidan harsashinta, in da hali guda biyu. Idan kuma zuciyarka tana kan gasar mita 50 ta gaske, tambayi shugabannin ƙungiyarku ko suna da bindigogin aro, domin ƙungiyoyi da yawa suna ajiye su don sababbin shiga, sannan ka tara kuɗinka ka nemi tsohuwar Anschütz mai sakatar Match 54, wadda ake samu a hannun tsofaffin 'yan wasa da suka ajiye gasa, galibi tare da saitinta da maɗaurin hannunta.